Gabana yana zafi idan ya miƙe, kuma ya fara lanƙwashewa: mene ne wannan?

"Assalamu alaikum Dokta. Ni magidanci ne, shekarata 53, ina zaune a Aboabo cikin Kumasi, ina sayar da kayan gyaran mota a Suame Magazine. Yau wata biyar ke nan duk lokacin da gabana ya miƙe sai in ji zafi a tsakiyarsa. Daga baya na lura ya fara lanƙwashewa sama, ya ɗan karkata hagu. Idan na shafa ina jin wani abu mai tauri a ciki kamar ƙwallon dabino. Ina da ciwon suga shekara shida. Wani mai magani ya ce koko ne ya sauko min, ya ba ni man shafawa, ya ce kullum da asuba in riƙa miƙar da shi da hannu. Wani kuma ya ce ɗauri aka yi min. Kunya ta hana ni zuwa asibiti, iyalina ma ban gaya mata ba, na dai rage zuwa ɗakinta. Dokta, ciwon daji ne? Zai koma daidai, ko sai an yi aiki?"

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ba ka lafiya. Kafin komai, ka daina miƙar da shi da hannu tun daga yau. Wannan ita ce shawarar da ta fi gaggawa a duk abin da zan faɗa, kuma za ka ga dalili nan gaba.

Abubuwa uku ka kawo: zafi lokacin miƙewa, tauri da kake ji a ƙarƙashin fata, da lanƙwasar da ba ka da ita a da. Idan waɗannan ukun suka haɗu a jikin mutum mai shekaru irin naka, mai ciwon suga, abin da likitan mafitsara zai fara zato shi ne cutar da ake kira Peyronie. Sunan wani likitan Faransa ne, François de la Peyronie, likitan Sarki Louis na 15, wanda ya yi bayaninta a 1743. Ban duba ka ba, don haka ba zan yanke hukunci daga nesa ba, amma bayaninka ya yi daidai da ita. Cutar Peyronie ba daji ba ce, ba ta rikiɗewa ta zama daji, ba a ɗaukarta a wurin mace, kuma ba za ka shafa wa iyalinka ba. Ba ta da alaƙa da basir, wanda mutanenmu a nan ke kira koko. Bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna tana samun maza 3 zuwa 9 a cikin 100, yawanci daga shekara arba'in zuwa sama. Idan ka ƙirga mazan da kuke sallar Juma'a tare, za ka gane ba kai kaɗai ba ne, kowa dai ya ja bakinsa ya yi shiru.

Abin da ke faruwa a ciki

A cikin azzakari akwai bututu biyu masu kama da soso, su ne ke cika da jini idan sha'awa ta motsa. Kowannensu yana lulluɓe da wata riga mai ƙarfi wadda ke talewa idan jini ya shigo. Tunda kai mutumin Magazine ne, ka tuna tsohon tub ɗin taya da mai faci ya manna masa faci mai kauri a gefe ɗaya. Idan aka hura masa iska, ko'ina zai buɗe ban da wurin facin, sai tub ɗin ya karkata wajensa. Abin da kake ji kamar ƙwallon dabino shi ne facin, wato tabo ne a jikin wannan riga. Tabon naka yana sama, shi ya sa gaban ke lanƙwashewa sama, kuma wannan shi ne nau'in da muka fi gani. A wasu mutanen tabon yana zagaye gaban ya matse tsakiyarsa kamar kalangu, a wasu kuma tsayin ne ke raguwa.

Tabo kuwa daga rauni yake fitowa. Yawanci ba wani babban rauni ba ne da mutum zai tuna. Ƙananan targaɗe ne da ke faruwa a lokacin saduwa, musamman idan gaban bai yi ƙarfi sosai ba sai ya ɗan tanƙware. Jikin yawancin maza yana warkar da wannan ba tare da alama ba. Jikin wasu kuma yana wuce gona da iri wajen ɗinkewa, ya tara nama mai tauri. A nan ciwon suganka ya shigo: suga yana rage ƙarfin miƙewa, sai tanƙwarewa ta yi sauƙi, sannan yana ɓata yadda rauni ke warkewa. Hawan jini da shan sigari su ma suna tafiya tare da cutar, haka kuma wanda aka yi wa aikin cire furostet, wato wani ƙullin nama da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Akwai kuma gado. Ina duba tafin hannun duk wanda ya zo min da wannan matsala, domin wasunsu suna da irin wannan tauri a tafin hannu da ke jan ƙaramin yatsa ko na kusa da shi ya naɗe. Ka duba naka.

Yanzu ka ga abin da miƙarwar asubar nan ke yi. Rauni ne ya kawo tabon, kai kuma kullum kana sabunta raunin. Na taɓa karɓar wani direban babbar mota da tsakar dare, wanda aka ba shi irin wannan shawarar. Ya kama da ƙarfi yana so ya gyara, sai ya ji ƙara ɗas, nan take gaban ya kwanta, kafin ya iso wurinmu ya kumbura ya yi baƙi kamar gauta. Rigar ce ta yage. Muka shiga da shi ɗakin tiyata a daren muka ɗinke. Ya samu lafiya, amma ya ƙara wa kansa tabo a kan tabo, ga kuɗin da ya kashe.

Zafi daban, lanƙwasa daban

Wannan shi ne abin da na fi so ka riƙe, domin rashin fahimtarsa ne ke sa mutane su yi ta zubar da kuɗi. Cutar tana da zango biyu. Zangon farko shi ne lokacin da tabon ke ginuwa: akwai zafi, lanƙwasar tana canzawa daga wata zuwa wata. Yana ɗaukar wata shida zuwa shekara ɗaya da rabi. Zango na biyu shi ne lokacin da tabon ya zauna, zafi ya lafa, lanƙwasar ta tsaya a inda ta tsaya. Da wata biyar da zafi a jiki, kana cikin zangon farko.

Wani bincike da aka buga a Amurka a 2006 ya bi maza 246 da ba a yi musu wani magani ba, na tsawon aƙalla shekara guda. Zafin ya tafi gaba ɗaya a wajen 89 cikin 100 na masu fama da shi. Lanƙwasar kuwa 12 cikin 100 ne kawai ta ragu musu, 40 ta tsaya yadda take, 48 ta ƙaru. To ka ga amsar tambayarka ta biyu: zafin nan in sha Allahu zai tafi ko da magani ko babu, amma kada ka zauna jiran lanƙwasar ta miƙe da kanta. Ka kuma ga yadda mai magani ke samun suna. Ya ba ka man shafawa a wata na biyar, zafi ya lafa a wata na goma kamar yadda da ma zai lafa, sai a ce man ne ya yi aiki. Lanƙwasar tana nan, sai ya ce ka sayi wata kwalbar.

Game da ɗauri, ba zan hana ka addu'a ba, ni ma ina yi wa marasa lafiyata. Amma abin da ke jikinka abu ne da ake taɓawa da yatsa, ana ganinsa a hoton sikanin, ana auna faɗinsa. Na ga gidan da zargin irin wannan ya raba uwargida da amarya, alhali suga ne da ya yi shekaru ba a kula da shi ba. Kada ka ɗauki alhakin kowa.

Wasu ciwukan da dole a tabbatar ba su ba ne

Ba kowane zafin gaba ne Peyronie ba. Idan zafin yana zuwa ne lokacin fitsari, ko ana ganin farin ruwa ko mugunya, wannan ciwon sanyi ne, kuma idan ba a yi maganinsa da kyau ba shi ma yana barin tabo, amma a cikin hanyar fitsari, sai fitsarin ya riƙa fita siriri ana yunƙuri. Zafin da ake ji a kan gaban ko da yana kwance, tare da nauyi a tsakanin maraina da dubura, sau da yawa daga furostet yake tasowa. Gyambon da ya ƙi warkewa a kan kaciya ko a fata, ko tsiron da ke zubar da jini, shi ne wanda muke tsoron daji a kansa, kuma ba a jira da shi. Sai waɗanda suka bari aka yi musu allurar mai ko basilin don ƙara kauri. Wannan yana daskarewa ya zama dunƙule mai zafi a ƙarƙashin fata, kuma sai an yanke shi.

Akwai ɗaya da ya shafe mu ƙwarai a Ghana. Kusan jarirai 2 cikin 100 da ake haifa a ƙasar nan suna da sikila, kuma a nan Kumasi aka fara gwajin jarirai a 1995. Yara maza da samari masu sikila sukan samu miƙewar gaba mai zafi wadda ba sha'awa ta kawo ta ba, ta ƙi kwanciya. Jinin ne ke maƙalewa a ciki. Idan ta wuce awa huɗu, asibiti ake nufa a daren, ba a jiran gari ya waye. Idan ta kwana ta wuni, soson cikin yana mutuwa ya koma tabo gaba ɗaya, kuma wannan tabon ya fi na Peyronie muni nesa, domin yana iya kashe miƙewa har abada. Irin haka yana faruwa da masu shan haɗe-haɗen ƙarfin maza da ake sayarwa a tasha da cikin mota, waɗanda ba wanda ya san abin da aka zuba a ciki. Iyaye masu yara masu sikila, ku gaya wa 'ya'yanku wannan tun kafin ya faru, domin yaro ɗan shekara sha biyar ba zai tashi mahaifinsa da dare ya faɗa masa ba sai in an riga an buɗe masa ƙofar maganar.

Abin da za a yi maka a asibiti

Ka fara da asibitin da ke kusa da kai, kamar na Manhyia, ka nemi takardar tura ka wurin likitan mafitsara a asibitin Komfo Anokye, wanda muke kira Ji. Mutanen Accra kuma Korle Bu. Na san kunya ce ta riƙe ka. Alhaji, larura ce, kuma likitan da zai duba ka wannan ne aikinsa daga safe har yamma. Dubawar ba ta wuce minti biyar. Zai ja gaban a hankali yana kwance, ya laluba tabon, ya auna tsayi da abin awo ya rubuta, domin a samu abin kwatance nan da wata uku.

Lanƙwasa ba ta ganuwa sai gaba ya miƙe, don haka za a nemi ɗaya daga cikin biyu. Ko dai ka ɗauki hoto da kanka a gida, ɗaya daga sama ɗaya daga gefe, ka nuna wa likita a wayarka. Kada ka tura wa kowa ta WhatsApp, har da likitan, kuma ka goge bayan ya gani, tunda yara suna wasa da wayoyinmu. Ko kuma a yi maka wata 'yar allura a ɗakin likita da ke sa ya miƙe, a auna kai tsaye, a ɗauki hoton sikanin a ga gudun jini da ko tabon ya fara daskarewa kamar ƙashi. Da digiri ake aunawa. Ka kalli agogon bango: daga 12 zuwa 1 digiri 30 ne, zuwa 2 digiri 60, zuwa 3 digiri 90. Waɗannan lambobin su ke raba hanyoyin magani.

Za a kuma gwada suganka na wata uku, da ƙoda, da hawan jini. Ka shirya amsa tambaya ɗaya da gaskiya: kafin lanƙwasar nan, ƙarfin miƙewar yana nan yadda yake a da? Maza da yawa suna cewa lafiya lau don kare girma, alhali a kan wannan amsar ake zaɓen irin aikin da ya dace da mutum.

Magani a zangon da kake ciki

Aikinmu yanzu shi ne rage zafi da hana sabon rauni. Ana amfani da magungunan kashe kumburi irin su ibuprofen, amma kai mai suga na shekara shida kada ka je kemis ka saya ka yi ta sha, sai an ga lafiyar ƙodarka da cikinka. Idan ƙarfin miƙewa ya ragu, nakan ba da tadalafil ɗan kaɗan kullum, domin gaban da ya yi ƙarfi sosai ba ya saurin tanƙwarewa. Wanda ke shan maganin ciwon ƙirji mai nitret ba ya haɗa su, jininsa zai iya faɗuwa ƙasa warwas, shi ya sa sai likita ya rubuta. Bitamin E da ake ta bai wa mutane shekara da shekaru an gwada shi bai fi rashinsa ba, kuma a gaskiya babu ƙwayar da aka tabbatar tana narkar da wannan tabon. Na'urar da ke bugun wurin da igiyar sauti tana iya rage zafi, amma ba ta miƙar da lanƙwasa, don haka kada wani ya karɓi kuɗinka da wannan alkawarin.

Akwai na'urar jan gaba da ake ɗaurawa yana kwance, tana jansa a hankali, daga rabin awa zuwa awoyi a kullum gwargwadon irinta, na tsawon wata uku zuwa shida. Kada ka ɗauka wannan ɗaya ne da abin da mai magani ya sa ka. Wannan ja ne mai awo a kan gaba mai laushi, wancan kuwa murɗa ce a kan gaba mai tauri. Masu haƙurin amfani da ita sukan samu ragin 'yan digiri da ɗan tsayin da suka rasa. Da yawa suna gajiya a wata na farko.

Sai allurar da ake yi a cikin tabon kansa. Wadda ta fi suna ita ce Xiaflex, da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a Disambar 2013 ga masu lanƙwasar digiri 30 zuwa sama. Ana iya yin har allura takwas. A manyan gwaje-gwajenta ta rage kimanin digiri 17, waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a ciki kuma suka samu ragin kimanin 9. Kuɗinta dubban daloli ne, an ma janye ta daga kasuwar Turai, ni kuma ban taɓa yi wa kowa ita a nan ba. Akwai allurar verapamil mai araha, amma amfaninta bai taka kara ya karya ba. Na faɗi wannan ne don kada ka ji kamar akwai wani magani a waje da talauci ya hana ka. Su ma can ragewa suke yi.

Maganar aiki

Ba a yin aiki a zangon farko. Idan aka miƙar da shi yau alhali tabon yana kan girma, zai sake karkacewa. Muna jira cutar ta kai shekara guda, zafi ya tafi, lanƙwasar ta tsaya wuri ɗaya na wata uku zuwa shida. Ko a lokacin, ba kowa ke buƙata ba. Mizanina shi ne: kana iya saduwa da iyalinka ba tare da kai ko ita wani ya sha wuya ba? Idan eh, ko da digiri 25 ko 30 ne, nakan ce a bar shi. Ina da marasa lafiya da yawa da suka zauna haka lafiya, har da haihuwa, domin cutar ba ta taɓa maniyyi.

Idan ta hana saduwa, to ana duba digiri da ƙarfin miƙewa. Wanda lanƙwasarsa ba ta kai 60 ba kuma ƙarfinsa yana nan, ana kama gefen da ya fi tsawo a ɗinke, kamar yadda tela ke kama riga ta wajen da ta yi yawa. Aiki ne mai sauƙi, yana miƙar da gaba a yawancin mutane, ana kuma yin sa a ƙasar nan. Farashinsa shi ne tsayi yana raguwa, sau da yawa santimita ɗaya ko biyu, wasu kuma suna jin ƙullin zaren a ƙarƙashin fata. Nakan nanata wannan sau biyu kafin mutum ya sa hannu. Wanda tasa ta wuce 60 ko take da matsewa irin ta kalangu, ana tsaga tabon a cike gurbin da wani ƙyalle na nama. Wannan yana kare tsayi, amma haɗarin raunana miƙewa ya fi yawa, kuma ga mai ciwon suga ina taka-tsantsan da shi ƙwarai. Wanda kuma miƙewarsa ta riga ta mutu har ƙwaya ba ta tayar da ita, hanyarsa ita ce a dasa masa roba a ciki, wadda ke gyara matsalolin biyu a lokaci guda. Tana da tsada, kuma ba a sa ta sai suga ya daidaita, don gudun kada wurin ya ruɓe.

Iyalinka

Ka ce ka rage zuwa ɗakinta ba tare da ka faɗa mata dalili ba. Wannan ya dame ni fiye da lanƙwasar. Wata biyar tana lissafi a ranta, kuma lissafin mace a irin wannan hali ba ya wuce ko ta yi laifi, ko ka daina sonta, ko akwai wata a waje. Wata Hajiya da ta rako maigidanta wurina, da na gama bayani na zana musu tub da faci a takarda, sai ta dubi mijin ta ce, "Alhaji, a kan wannan ka bar ni ina kuka shekara guda?" Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Ita ce daga baya ta riƙa tuna masa ranar dawowa asibiti.

Ka zaunar da ita ka gaya mata tabo ne, ba ya yaɗuwa, kuma kana neman magani. Ba a hana ku saduwa ba idan zafin mai jurewa ne. Ku bi a hankali, ku yi amfani da man santsi na kemis, ku guji yanayin da nauyinta zai hau kansa, kuma idan ka ji bai yi ƙarfi sosai ba a bari sai wani dare. Idan tana so ta rako ka ranar ganin likita, ka bar ta. Ka taho da katin inshorarka, da duk ƙwayoyin suga da kake sha, da kwalbar man nan da aka ba ka, a ga abin da ke rubuce a jikinta.